Littafin Aro Na Shekara Tara

…kuma wai a mayar masa da littafinsa. Littafinsa! Bayan shekara tara. Labbo yana bayan a-kori-kura, an matse shi tsakanin buhunan albasa da wata tsohuwa mai kaji biyu, Aliero tana ƙanƙancewa a bayansu, hanyar Jega tana sakwata masa ƙugu. Shi da ya sha zuwa har Anacha a kan lodi bai ce wash ba! Shekara arba'in da tara. Ashe haka abin ke farawa: ƙugu, sai gwiwa, sai mutum ya wayi gari ba abokin hira sai kajin mutane.

Zinatu ta kawo saƙon, ɗiyarsa da ke aure a Maiyama. "Baba, na biya ta Jega. Malam Ɗahiru ba shi gani yanzu, yanar ido ta ruhe mai duka biyu. Ya ce ka maido mai littahinai."

To makaho me zai yi da littafi? Fifita? Matashi? Rowa ce kawai — rowar malaman makaranta, masu adana ƙurar alli in allin ya ƙare.

Ga shi nan a aljihun gaba. Bango ya tafi tun tuni, da zaren buhu ya ɗinke shi, warin albasa ya kama shi har in ka buɗe sai ido ya kawo ruwa. Albasa ce. Kowa ya san albasa ce.

Shi dai bai taɓa zama aji ba. A jikin manyan motoci ya koyi boko, baƙi-baƙi, yana tsare direbobi da tambaya har su zage shi, shi ma ya rama. Ɗahiru ne ya fara miƙa masa littafi na gaske. "Bar karatun gindin mota, Labbo, ga abin karatu." Labarin wani bafatake da raƙuminsa ya ɓace, ya bar gida ya bi sawu, gari bayan gari… Shafi ɗari cif. Wata biyu yana tafe da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ya kai casa'in da ɗaya — bafatake ya hango wani abu a gindin tsamiya — suna zaune a zauren Ɗahiru, sai mutumin nan ya ɗago kai daga ƙwaryar fura, gemu duk nono:

"Ai raƙumin ya mutu tuni."

Haka kawai! Mutum ya yi wata biyu yana bin sawu a ƙasa, takalmi ya cinye, wani ya zauna a inuwa ya kashe masa dabba da baki? Ya shuri ƙwaryar. E, ya shura. Ya ce wallahi ƙafarsa ba ta ƙara taka gidan. Mutane suka ce a kan raƙumin takarda? To a kan me ake so a yi faɗa — raƙumin gaske ai ana sayen wani.

Mota ta faɗa rami, kaza ta yi masa kashi a takalmi. Madalla. Ita ma ta faɗi ra'ayinta.

Kuma bai ƙarasa ba. Shafi tara, bai taɓa su ba. Duk rani, in an jibge albasa a rumfa ana tsince ruɓaɓɓu, sai ya jingina ya fara daga shafin farko, ya bi bafatake har gindin tsamiya, ya rufe. A wajensa raƙumi na nan da ransa, yana cin ƙaya. Matarsa Gudiya takan leƙo daga madafa, "Malam, wai kai aka ba kiwon raƙuminga?" Ya daka mata tsawa, ta bar shi ya ji da abin da ke gabansa… Ta bar shi. Shekara uku ke nan. Yanzu gidan shiru kamar an share shi, ya samu duk shirun da ya yi ta nema da tsawa, sai ya kai tsakiyar layi ya tsaya, kunne a madafa. Ba mai katse shi. Karatun da ba mai katse ka, ashe miya ce ba gishiri.

Ɗahiru ya zo gaisuwar rasuwarta. Ya zo, da sandarsa da farar hularsa. Labbo ya ce amin, amin, yana kallon tabarma kamar an rubuta wani abu a jikinta.

Sai ya koma karanta duk abin da ya faɗo hannu. Takardar maganin tari. Buhun taki. Jaridar da aka naɗo tsire — shi ya sa rabin kowane labari ya sani. An yi sabuwar jiha, an naɗa su wane da wane da… maiƙo ya cinye sauran. Bala, wanda suka yi fataucin albasa tare, Bala da ko buhu bai iya ɗaurewa, yanzu wai yana wani ofis a Birnin Kebbi, da fanka a kansa. Shi kuwa Labbo? Ya zaga duniya ya dawo inda ya tashi, garin da ake kawo karyayyu daga ko'ina a ɗora musu ƙashi su koma da ƙafarsu. Zumunci kaɗai ba a samu mai ɗorinsa ba.

Rantsuwar ma ai ba ita ce ta riƙe shi ba. Ya yi kaffara. Azumi uku, a ɓoye, shekara shida da suka wuce, ya ce wa Gudiya cikinsa ne ba daɗi. Ya sha ruwa a rana ta uku, ya sa takalmi, ya kai tasha… ya sayo rake ya dawo.

Jega. Ran kasuwa, 'yan kabu-kabu kamar ƙudaje, shanu sun tare hanya. Ya diro, ƙugu ya ce ƙas. Ya shirya maganarsa tsaf: zai jefa littafin daga bakin ƙofa, ya ce ga tsiyarka nan, ba a ci ba ba a sha ba. A'a — ya fara yi masa sannu da jiki, dubiya hakki ce, sannan ya jefa. Ko ya tsaya nan inuwar mai shayi ya ƙarasa shafi taran nan tukuna? Minti nawa ne yanzu da hannu ya faɗa? Yatsa ya shiga tsakanin takardu… ya fito. In raƙumin ya mutu, Ɗahiru ya yi gaskiya, kuma wannan ba ta haɗiyuwa. In kuma yana raye? In tsokana ce kawai irin tasa, yana jiran a kai ƙarshe a zo a yi dariya? Shekara tara… a'a. A'a. Rana ta yi zafi, ba lokacin karatu ba ne.

Lungun bai canza ba. Ga zauren. Ga shi can — wannan ne Ɗahiru? Wa ya rage shi haka? Yana zaune a kan tabarma, hula a karkace ba wanda ya gaya masa, duk takun da ya gifta sai ya juya fuska, ya saurara, ya mayar. A bayansa littattafai ne jibge har rabin bango, ƙura ta kwanta a kansu, gara ta fara gini a gefe. Ɗari? Sun fi. Ko ɗaya ba ya iya buɗewa.

Mai wannan tulin, ya aika har Aliero neman guda ɗaya mara bango?

Ga wata tabarmar a gefensa, an shimfiɗa, ba kowa a kai.

Bakin da ya zagi direbobi daga nan har Anacha… sallama, kalma biyu, ta maƙale. Ya yi gyaran murya kawai — haushi, ba don komai ba.

Fuskar ta juyo. Ta tsaya. Wannan karon ba ta koma ba.

"Wa ke nan?"

Labbo yana tsaye, ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa, ɗaya a waje, ƙugu na zugi…