Gurbin Gidan Eleuterio

A bakin rafi Nolberto ya kashe tsohuwar akori-kurarsa, ya fito ya hau sauke kaya ba tare da ya ɗaga kai ya dubi tsallake ba. Ginshiƙai, rassan rufi, tukunya, barguna, da tunkiya ɗaya a ɗaure tana ta kuka. Ya jera su a kan ciyawa, ya kakkaɓe hannu.

"Inna, iyakata nan."

Mahaifiyarsa Audolia ta ji shi sarai, ta yi kamar ba ta ji ba. Idonta na tsallaken rafin, inda dajin dogayen itatuwan pewen ya buɗe ya bar fili. Mutane sun riga su hawowa. Rumfunan rassa sun jeru kamar jinjirin wata, kowacce bakinta na duban gabas, hayaƙi na tashi daga murhu-murhu. A tsakiyar jerin, gefen rumfar Belisario ƙanin mijinta, ga gurbi nan fayau kamar giɓin haƙori. Nan ne wurin gidan mijinta Eleuterio tun daga kakanni.

A gillatun ɗin da ya wuce, wato taron roƙon gargajiya da ake yi a filin nan, haka gurbin ya zauna babu kowa, don Eleuterio bai daɗe da rasuwa ba, ɗansa tilo Nolberto kuma yana can gari, giya na sa shi kwana a bakin kwata. Lonko Ceferino, shugaban taron, ya yi musu uzuri, amma ya faɗi magana a gaban kowa: jeri ba ya zama da giɓi sau biyu. In taron lokacin zafin bana ya zo ba a sami namiji daga jinin Eleuterio ya kafa ginshiƙi ba, ya kuma karɓi ƙahon shan da ke zagaya masu gida ranar rufewa, maƙwabta za su matso su haɗe, sunan gidan ya fita ke nan har abada.

To ga namijin nan tsaye, ƙato da shi, amma ya zama ɗan coci.

Audolia ba ta ƙaunar cocin nan ko kaɗan. Ta tsani lasifikarsu, ta tsani faston da ke kiran gangar kakanninta ta shaiɗan. Sai dai gaskiya ɗaya ce, ko da ɗaci: su ne suka tsinci Nolberto cikin ƙanƙara wani hunturu, giya ta kayar da shi a bakin hanya, sanyi ya cinye masa yatsun ƙafa biyu. Su suka yi jinyarsa, su suka je suka ba matarsa haƙuri ta dawo da yara. Tun daga nan ko ɗigo bai ƙara taɓa harshensa ba. Ita da ta haife shi ta yi kuka, ta yi zagi, ta yi roƙo, duk a banza, sai ga bare sun yi abin da ta kasa. Wannan yana ci mata rai, kuma tana gode musu, duka biyun a zuciya ɗaya.

"Na ji," ta ce daga ƙarshe. "Zauna nan ka tsare imaninka, kada ya jiƙe."

Ta cire takalmi, don ba a taka filin da takalmi, ta saɓa ginshiƙi ɗaya ta shiga ruwa. Ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne, ya sare ta har ƙashi. Ta haye, ta ajiye, ta dawo ta ɗauki wani. Mata na gaishe ta daga bakin rumfuna, maza na sunkuyar da kai.

Belisario ne kaɗai ya taso, yana jan ƙafa da sandarsa.

"A'a, matar yaya! Ke kaɗai? Ina malam fasto?"

"Yana inda ka gan shi."

"Ai da kin yarda na gaje ki, da yanzu kina kishingiɗe ana kai miki shayi."

"Gaje ni? Kai da ko doki sai an ciccibe ka an ɗora?"

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya rage murya. "Audolia, ba na son gurbin nan, ko da yake kin ga surukaina sun yi mini yawa. Wurin ɗan'uwana ne. Amma kin san mace ba ta kafa uwar ginshiƙi. Ni ma ba dama, ina da tawa rumfar."

"Wa ya ce ka kafa?"

Ta durƙusa ta tona ramin da hannu da guntun itace. Ta rungumi babban ginshiƙin, ta ɗaga shi da ƙyar, ta kai bakin rami. Ai kuwa ya rinjaye ta. Ta faɗi zaune, itacen ya bugi kafaɗarta ya mirgina. Ba wanda ya matso, ba don mugunta ba, sai don duk baren da ya taɓa ginshiƙin ya raba shi da gidan.

Ba ta ga lokacin da Nolberto ya haye ba. Ƙafafunsa kawai ta gani a gabanta, tsirara, jiƙe, ta hagu da guntayen yatsunta. Ya ɗaga itacen kamar kara, ya zura a rami, ya tattake ƙasa, ya ɗaure rassan da irin ƙullin mahaifinsa. Kafin rana ta take, rumfar gidan Eleuterio ta tsaya, Audolia ta hura wuta a bakinta cike da murna.

Kai, kwanakin nan sun yi mata daɗi! Da sassafe kowa ya fito ya fuskanci gabas, a yayyafa muday a ƙasa, abin shan gargajiyarsu da ke zama giya in ya tsima, a roƙi Mai Sama ruwa a kan kari, da ciyawa, da 'ya'yan pewen masu yawa, da lafiyar yara. Ganga na bugawa a hankali, mutane na zagaya itacen tsakiyar fili suna taku ɗaya, ƙasa na amsawa. Nolberto ba ya roƙo, ba ya rawa, amma yana tsaye a inda ubansa ke tsayawa, hularsa a hannu. Shi ya yanka tunkiya, shi ya faskara itace. Baƙi suka yi ta zuwa bakin rumfar, Audolia na miƙa musu nama da burodi mai zafi kamar yadda ta yi shekara da shekaru. Tsofaffi na wucewa su dafa kafaɗar ɗanta su ce, "Eleuterio ya dawo."

Amma uwa ba ta rasa ido. Ta lura duk sa'ad da aka wuce da tulun muday ɗin da ya tsima, sai ya juya baya ya haɗiyi yawu. Ta ga yadda yake cusa hannuwa a aljihu don kada a ga suna karkarwa. Wata rana da tsakar rana ta same shi a bayan rumfa, goshinsa jingine da itace, gumi na zuba, yana maimaita wata addu'ar cocinsu ƙasa-ƙasa. Ta koma da baya ba tare da ya gan ta ba.

Ranar rufewa da hantsi ta sami Belisario shi kaɗai, don shi ne babba a dangi, shi zai miƙa ƙahon.

"Ƙanina, alfarma nake nema. Ka zuba masa ruwa a ƙahon maimakon muday."

Bai yi wasa ba wannan karon. "Haba, Audolia. Ƙahon da zai zagaya bakin kowane mai gida? Wa za mu ruɗa, mutane ko kakannin da ke ƙarƙashin ƙasa?"

"To sabon muday, wanda bai tsima ba."

"Na yara? Lonko ne ke cikawa da hannunsa, kin sani. Kurɓa ɗaya ce fa. Namiji ne, ba jariri ba."

"Kai ka taɓa wanke masa amai?"

Belisario ya dubi ƙasa, ya ce shi dai ba shi ya kafa al'ada ba.

Ta koma rumfa ta tarar da Nolberto ya saka bargon ubansa, ya ɗaura ɗamara. Kamarsu ɗaya da uban har abin tsoro.

"Ba dole ba ne," ta ce, muryarta ba ƙarfi.

"Inna, na ga yadda kike dariya kwanakin nan. Rabon da in ga haƙoranki tun Baba na da rai." Ya gyara bargon. "Na ci miki mutunci da yawa a duniya. Wannan ɗaya dai bari in yi miki. Zan taɓa da leɓe kawai, in miƙa."

Ta san ƙarya yake yi, kuma ta san shi bai san ƙarya yake yi ba. Sau nawa ta ji wannan kurɓa ɗayar? Amma zuciya ba ta da kunya. Wani ɓangare nata ya ce wa ya sani, ko wannan karon ya iya. Ta dubi wutar da ke ci a bakin rumfa, ta tuna surukarta da ta koya mata jera duwatsun murhun nan tana amarya, ta yi shiru. Shirun nan kuwa yarda ce, kuma ya gane.

Rana na tsaka aka busa kakaki. Masu gida suka jeru, kowa a bakin rumfarsa, mata da yara a baya. Lonko Ceferino ya cika ƙahon bijimi da tsimammen muday har baki, ya kira sunayen matattun gidan Eleuterio ɗaya bayan ɗaya, jama'a na amsawa. Ya miƙa wa Belisario. Belisario ya tako a hankali ya tsaya gaban ɗan wansa.

"Ɗana, ga wurin ubanka. Karɓi."

Warin ya iso har inda Audolia take, mai tsami, mai kaifi. Ta ga hancin ɗanta ya buɗe. Ta ga fuskarsa, kuma abin da ta gani ba tsoro ba ne, ba kuma biyayya ba. Marmari ne. Wannan fuskar ta san ta, ita ce wadda yake shigowa da ita da can yana laluben kuɗin giya a ƙarƙashin katifarta. Hannunsa ya miƙa, ba ya ma karkarwa.

Ta cafke wuyan hannun.

"Lonko," ta ce da ƙarfi, yadda na ƙarshen jeri zai ji. "Wannan ba magajin Eleuterio ba ne."

Aka yi cirko-cirko.

"Inna!"

"Ɗan coci ne. Bai roƙa tare da mu ba, bai taka rawa ba, kowa ya gani. Ni na jawo shi, don son zuciyata. Bakin da ke kiran gangarmu ta shaiɗan ba zai taɓa ƙahon nan ba ina raye."

"Yaushe na taɓa faɗin haka? Inna, yaushe?"

Bai taɓa faɗa ba, ita ma ta sani. Amma in ta bar ƙofa ko kaɗan, dattawa za su lallashe ta, shi kuma zai sha. Ta ƙara matse hannun, ta dube shi ido cikin ido.

"Cire bargon mijina. Ka haye rafi."

Lonko ya daɗe yana kallonta. Tsoho ne, ya ga jiya ya ga yau, ta tabbata ya gane. Ya tambaye ta ko ta san nauyin abin da ta faɗa, ta ce ta sani. Ya tambaya ko akwai wani namiji a gidan. Ta ce babu.

Nolberto ya kwance ɗamarar, ya ninke bargon ya ajiye a ƙafarta. Idonsa ya yi ja. Ya ratsa fili shi kaɗai yana ɗingishi, mutane na buɗa masa hanya, ba wanda ya dube shi.

Abin da ya rage bai ɗauki lokaci ba. Ita da kanta ta watsa ruwa a murhu. Surukan Belisario suka zo, kansu a ƙasa, suka zare rassan, suka girgiza ginshiƙin suka tumɓuke, suka ja tasu rumfar ta haɗe da ta gaba. Aka share wurin da reshe. Wanda ya zo daga baya ba zai ce an taɓa yin gida a nan ba.

Audolia ta zauna a kan ƙunshin kayanta a bayan jeri, inda baƙi ke zama. Ba ta yi kuka ba, abin ya wuce kuka. Tana nan sai ga Clorinda matar Belisario da kwano a hannu, nama da burodi, ta durƙusa ta miƙa mata.

"Yaya, ki yi haƙuri. Haka aka ce a yi."

Kwanon baƙi ne. Audolia ta sa hannu biyu ta karɓa, ta yi godiya da kalmomin da baƙo ke yi, waɗanda ta sha ji daga bakin wasu ba ta taɓa furtawa ba. Ta gutsuri burodin ta tauna.

Da aka yi roƙon ƙarshe aka fara watsewa, ta ɗaure kayanta ta nufi rafi. Ta ɗauka ya tafi, kuma ba za ta ga laifinsa ba. Amma motar na nan. Yana zaune a ciki, hannuwansa a kan sitiyari, yana kallon gaba. Bai fito ya karɓi kayan ba. Ta jefa su a baya da kanta, ta buɗe ƙofa ta shiga.

"A gaban kowa, Inna," ya ce, bai juyo ba. "A gaban matattunmu."

"Na sani."

"Da na iya."

Ta matso kusa kamar mai gyara zama, ta shaƙi numfashinsa. Hayaƙin itace ne kawai da gumi.

"Tuƙa mu je," ta ce. "Yaranka na jira."