Wa Ya Gaya Wa Telar Bariki?

Allura na bakin Wiltrud Deitmer, Bajamushiya telar bariki, tana kafa tutar Norway a kafaɗar riga ta goma sha bakwai, sai Manjo Veenstra ya faɗo shagon ba ko ƙwanƙwasa ƙofa. Mutumin Holan ne, dogo kamar falwaya, shi ke gadin sirrin hedikwatar nan da ta tara sojojin ƙasa goma sha biyu. Ya miƙo hannu.

"Katin shigarki, Frau Deitmer."

Shekara ashirin da shida katin nan yana wuyanta. In babu shi, ko ƙofar bariki ba za ta wuce ba, balle ta ga keken ɗinkinta. Ta cire ta ba shi.

"Jiya a gidan burodi kin ce jibi Alhamis za mu tashi," in ji shi. "Mutum tara suka san ranar nan. Wa ya gaya miki?"

Wiltrud ta san wadda ta kai ƙararta. Matar mahauci ce mana, wadda tun da kek ɗinta ya zo na uku a bikin coci take neman wanda za ta huce a kansa.

"Takardu kike karantawa a aljihun mutane?" in ji Manjo.

"Aljihunku? Tikitin bas da cingam. Sau ɗaya na tsinci wasiƙa, ita ma ba ta yaƙi ba ce, kuma ba matar mai rigar ta rubuta ba."

Ko murmushi bai yi ba. Ya zauna, ya buɗe ɗan littafinsa.

"To rubuta," ta ce. "Italiyawa sun kwance injinsu na dafa kofi sun sa a akwati. In atisaye ne ba sa taɓa shi, tsoron kar ya fashe. Faransawa sun ce a tsayar musu da burodi daga Alhamis. Mutanen Ingila sun kai karnukansu ajiya, har da kuka. Jamusawanmu kuwa, ka san hali, sun manna takarda a ɗakin wanki: mai kaya ya karɓa kafin Laraba ƙarfe huɗu. Sai na yi leƙen asiri kafin in san abin da ke bin Laraba?"

"An umarci kowa ya rufe bakinsa."

"Sun rufe, ɗan nan. Cikinsu ne ba wanda ya rufe."

Manjo ya daɗe yana kallon abin da ya rubuta. Can ya tashi ya leƙa waje, ya tura ƙofa.

Dokar hedikwatar ita ce kowa ya ɗaure jaka biyu, ta ƙasar zafi da ta ƙasar sanyi, sai a bakin jirgi a faɗi wadda za a ɗauka. Rana kawai aka gaya wa Manjo. Wurin kuwa yana cikin Janar, babban kwamandansu.

"Matata cikinta wata takwas," Manjo ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba ta barci. Ina za a kai mu?"

Wiltrud ta sani sarai. Makon jiya Janar da kansa ya kawo babbar rigar sanyinsa a buɗa masa wajen tumbi, alhali kakinsa na sahara ma ya matse shi, bai kawo ba. Amma ta dubi mutumin nan da kyau. Littafin a buɗe yake a hannunsa, katinta na aljihunsa. Cikin matar gaskiya ne, duk gari an gani. To amma mai kafa tarko ai da hatsi na gaske yake kafawa.

"Rufe littafin."

Ya rufe.

"Katina."

Ya ajiye a kan tebur, ya danne da yatsa ɗaya.

"Ni tela ce, Manjo. Ban san komai ba, ba a gaya mini komai ba. Haka za ka rubuta."

Suka zuba wa juna ido. Shi ya fara gajiya, ya ɗaga yatsan. Ta rataya katin, ta juya shi ta tabbata hotonta ne, ta koma kan tutar Norway.

Yana kama ƙofa ta ce, ba ta ko ɗago ba:

"Zif ɗin rigar sanyinka tun bara yake cijewa. Kawo ta yau. Ta zafin ba sauri."

Manjo ya tsaya, hannu a marfin ƙofa.

"Ƙarfe nawa kike rufewa?"