Zomayen Sa'a

Abarshi tsohon jandarma ne, ya yi ritaya ya dawo Illela yana noman hatsi. Ɗiyarsa Sa'a tana karatun likitan dabbobi. A hutun damina na 1991 ta sauka daga mota da akurki biyu cike da fararen zomaye.

Ta yi wa mahaifinta bayani. Sakarin, garin nan mai zaƙi da masu lamurje ke sayowa daga Konni maimakon sukari, shi take son ta gano ko yana taɓa jini. Zomayen akurkin dama za su sha ruwa mai sakarin, na hagu kuwa ruwa zalla. In hutu ya ƙare sai ta ɗebi jininsu ta kwatanta.

Abarshi ya ce shi zai riƙa ba su ruwa, tunda ya fi kowa sammako.

Da farko ya bi umarni tamkar yana bakin aiki. Amma kullum sai ya ga na hagu sun ɗaga hanci suna kallon maƙwabtansu. Abin ya tsaya masa a rai. Wata safiya ya waiga, ba kowa, ya ɗan tsiyaya musu mai zaƙin. Suka shanye tas. Tun daga ranar kowa ke samun rabonsa, Abarshi kuwa hankalinsa ya kwanta.

Ana cikin haka Sa'a ta fito alwala ta tarar da shi tsugune gaban akurkin hagu, buta a hannu.

"Baba! Mi kake ba su?"

"Ɗan kaɗan ne, ɗiyata. Gida guda, wani na shan daɗi wani na kallo? Ko a bariki ba mu yi haka ba."

Sa'a ta dafe kai. Ta so ta yi fushi, sai ta dubi fuskarsa, dariya ta ƙwace mata har ta zauna bisa turmi. Mahaifiyarta Delu ta leƙo daga madafa, da ta ji labari ita ma ta kama ciki.

"To yanzu da wa zan kwatanta su, Baba?"

Sai a lokacin ya gane ɓarnar. Ranar kasuwa ya tafi Badaguishiri da kansa ya samo sababbin zomaye, aka sake daga farko. Wannan karon ya kafa zana tsakanin akurkin biyu don kada wani ya ga kwanon wani, na hagu kuma ya riƙa lallashinsu da harawa.

Da hutu ya ƙare Sa'a ta ɗebi jini daga kunnuwansu ta tafi da shi. Sai da sallah ta dawo. Ta ce an ga ɗan bambanci, amma malaminta ya ce zomayen sun yi kaɗan a yanke hukunci, dole a ƙaro wasu.

Abarshi ya washe baki, ya tashi ya shiga auna bayan rumbu da taku, inda zai kafa ƙarin akurki.