Karan da Alhasan Ya Kafa a Yashi

Duk wanda ya ga kogin a safiyar nan ba zai ce yana ƙulla wani abu ba, amma kafin la'asar sai da ya tare wa Alhasan da iyalinsa hanyar gida.

Alhasan manomin auduga ne, mai hawasha, wato gonar da ake shayarwa da ruwan magudana. Wannan ruwa ya sani, a buɗe a rufe. Na kogi kuwa tsoronsa yake ji. Shekara biyu 'ya'yansa, Mairo da Mati, suna roƙon ya kai su tsibirin da ke ƙasa da garin Sinja, inda yashi ya yi lungu kamar ƙwarya, ruwa kwance iya gwiwa, mata na wanki, yara na iyo. Rana ta uku ga salla, rani ya kai ƙarshe, ya ce su shirya.

A bakin gaɓa suka tarar da tsoho Sodangi mai jirgi, yana sauke kankanar gonarsa ta tsibirin zuwa kasuwa.

"Ku shigo in haye da ku tukuna."

"Allah shi saka, Kawu," in ji Alhasan. "Ƙafata ba ta yoyo."

Sodangi ya dubi matar Alhasan. "Ramatu, wanga mijin naki ko cikin buta nitsewa shi kai."

Alhasan bai kula ba. Ya ɗora Mati a wuya, ya riƙe hannun Mairo, suka bi maƙetara, ruwa iya cinya.

Lungun kuwa yadda aka faɗa yake. Ramatu ta shimfiɗa tabarma, ta fito da kisra, wato wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa, ta ɗora kofi a gawayi. Yara suka faɗa ruwa suna ihu. Shi kuwa ya samo karan dawa, ya yi masa tsaga da wuƙa, ya kafa daidai bakin ruwa, kamar yadda yake yi ranar ban ruwa a gona.

"Malam, yau ma aiki?" Ramatu ta ce tana dariya. "Kogi dai ba hawasharka ba ne."

Daga nan ya saki jiki. Har ya naɗe wando ya shiga, Mairo na watsa masa ruwa.

Da ya idar da azahar ya leƙa karan. Tsagar ta nutse da yatsa uku, ruwan kuma ya fara yin ja da laka. Ya tattara su suka nufi maƙetara. Ya shiga shi kaɗai ya gwada: iya ƙirji, yana fizgar ƙafa.

"Mu yi sauri kafin shi ƙaru," in ji Ramatu.

"A'a. Ruwan da ya hau yatsa uku tsakanin hantsi da azahar bai gama zuwa ba. Ba ni sa yara ciki."

Ya duba tsibirin, ya hango wata bagaruwa a kan tudu. A jikinta akwai busasshiyar laka, shaidar inda ambaliyar bara ta tsaya. Ya kai su sama da wannan shaida, ya kwance rawaninsa ya ɗaura a reshe, fari fat, iska na kaɗa shi.

"Baba, nan za mu kwana?" Mati ya tambaya.

"Ci kisrarka. Kawu bai barin kankanarsa ga ruwa."

Haka kuwa aka yi. Kafin la'asar ta yi sanyi sai ga jirgin Sodangi. Tsohon ya dubi rawani, ya dubi maƙetara, bai yi dariya ba.

"Wa ya hana ku bin ƙafa?"

"Karan Baba," in ji Mairo.

"To, ya yi hankali. Sai ka shigo butar, Alhasan."

Alhasan ya miƙa yaran ɗaya bayan ɗaya, sannan Ramatu, sannan ya yi bisimilla ya taka jirgi, karo na farko a rayuwarsa. Bai rufe ido ba har gaɓa.

Wasu sun ce ruwan sama aka yi da wuri a ƙasar Habasha, wasu sun ce wani abu ne daban. Har yau ba wanda ya san abin da ya ta da kogin a ranar.