Gutsuren Hanjin Tabawa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.
Ta zo mu ji ta, kunnenmu naki ne.

A Talaje, nan cikin Yamai, akwai Malam Isaka mai sayar da itacen gini a kasuwar Katako, da matarsa Tabawa 'yar Damagaram. Ciwon daji ya kama hanjin Tabawa, likitoci suka sa ranar aiki. Tun kafin ranar Isaka ya sayi farin ƙyalle, ya haƙa ɗan rami a bayan ɗaki, don a gidansu abin da aka cire daga jikin mutum binne shi ake yi.

To, 'yarsu Farida a labo take aiki, wato ɗakin binciken cututtuka. Su can sukan reni gutsuren irin wannan ƙari a ɗan faranti, su sa ƙwayoyin hanta a gefe, su zuba ido su ga yadda ciwon ke rarrafawa daga hanji zuwa hanta. Ta durƙusa ta roƙi uban ya bar musu gutsure.

"Naman uwarki a firigo, kusa da lemun kwalba?" in ji Isaka. "Ban yarda ba."

"Baba, wannan firigon ba na abinci ba ne."

"Ko na mene ne!"

Tabawa na kwance tana jin su. Ta ce, "Malam, tun yaushe nake roƙo ka dasa mini zogale? Sai yau ka iya haƙa rami." Ya ɗauke kai kar a ga murmushinsa. Ta ce, "Yayata Rabi, a hanji ya fara mata, a hanta ya ƙare, ba wanda ya ga inda ya bi. Ni ina so a gani."

Isaka ya sassauta murya. "Hajiya, ba na son a bar wani ɓangare naki a hannun baƙi."

"Farida ce baƙuwa? Ita ma gutsurena ce, kuma kullum labo take wuni."

Ya daɗe yana murza ƙyallen, can ya yaga shi biyu, ya miƙa wa Farida rabi. "In kun gama kallo, ki naɗo mini shi."

An yi aiki lafiya. Isaka ya binne abin da aka ba shi, ya dasa zogale a gefe. Tabawa tana gida tana shan magani. Gutsuren yana farantin Farida, duk safiya kuma uban sai ya tambaye ta ko an ba gutsuren abinci.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.