Zanzaro a Tiyon Tanki

Da Baba ya rasu ya bar mana ƙaramin jirgin ruwansa mai tafiya da iska, ni da yayana Tokuji, ɗaure a gaɓar tsibirin Innoshima. Ranar da muka fara buɗe ɗakin cikinsa da bazara, wari ya koro mu waje.

Tokuji ya ce, "Tankin masai ne. Tsohon nan shekara nawa bai wanke shi ba?"

Muka kai jirgin aka zuƙe tankin, muka ɗauraye shi da ruwan daɗi har sau uku. Muka canja babban tiyon, muka zuba ruwan khal mai tsami, na shafa mai a famfon hannu da ke tura ƙazanta cikin tankin. Bayan kwana huɗu wari ya dawo.

"Mitsue, mu sayar da shi kawai," in ji Tokuji, hanci a toshe da tawul.

"Yaya, kai da ka yi shekara talatin a kasuwar kifi, yau wari ne ya dame ka?"

"Kifi daban, wannan daban!"

Ni kuwa abin da ya ɗaure min kai shi ne famfon. In na danna sai ya turje, tankin ya kumbura kaɗan, sannan warin ya taso. Na tambayi kaina, iskar da ke cikin tankin ta ina take fita?

Na bi wani siririn tiyo daga saman tankin har inda ya ɓulla a jikin jirgin, ƙofa ce da ɗan yatsa ba zai shiga ba. Na kwanta rub da ciki ina leƙe. Can sai ga zanzaro riƙe da laka, ya shige ciki abinsa.

"Yaya! Zo ka ga mai haya!"

Tokuji ya ɗauko waya zai tsokale. Na riƙe hannunsa.

"Tsaya mana, ina son ganin cikin."

"Cikin tiyon masai? Ke tun kina yarinya haka kike."

Muka kwance tiyon, na tsaga shi a hankali da wuƙa. Ɗakuna shida ne na laka a jere, kowanne cike da ƙananan gizo-gizo a sandare, ga farar tsutsa tana ci. Tokuji ya sa tabarau ya matso har kansa ya bugi nawa.

"Wa ya koya masa awo haka?" ya ce a hankali.

Muka sa tiyo mai faɗi, muka rufe bakinsa da raga mai barin iska. Da tankin ya sami numfashi, cikin mako guda warin ya ɗauke.

Tsagaggen tiyon kuwa Tokuji ne ya tafi da shi gida a akwatin takalmi, ya ajiye ƙarƙashin bishiyar lemo. Matarsa ta kira ni tana faɗa, wai kullum da safe yana tsugune a gabansa har shinkafarsa ta huce. 'Ya'yan zanzaro huɗu suka fito daga ɗakunan lakar, ya ga fitar biyu da idonsa.