Gammo Ba Kaya

Saude na hura wuta ƙarƙashin tukunyar da babu komai a cikinta sai ruwa, mai shela ya ratso unguwa. Hukuma za ta raba gero ga 'yan dakon tashar Malam Madori waɗanda aiki ya yanke wa tun da ambaliyar kogin Haɗeja ta cinye gyaɗa. Sharaɗi ɗaya ne: mai unguwa ya shaida mutum ya daɗe a zaune.

To, nan fa gizo ke saƙa. Mijinta Zarami, damina biyu rabonsa da ɗaukar buhu, amma wa ya sani? Kullum da sassafe sai ya naɗa gammonsa ya fita, yana gaisawa da mutane a tsaitsaye kamar jirgi zai bar shi. Daga nan ya zarce bayan gari, ya wuni a gindin goruba yana kallon shanun Fulani. Ita kuma ta ɗora ruwa don maƙwabta su ga hayaƙi. Tasoshin aurenta sun bi dillaliya ɗaya bayan ɗaya, 'yarsu Huseina duk ta zama wuya da idanu.

* * *

Zarami ya lallaɓa wurin mai unguwa Bunu a keɓe, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Bunu ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce shi da idonsa yake ganin Zarami da gammo kowace safiya, ba zai yi shaidar zur da furfurarsa ba don wani ya haɗa lada biyu.

Da Zarami ya dawo gida ya faɗa wa Saude yadda suka yi, tausayinsa da haushinsa suka haɗu suka kama ta.

"Maigida," ta ce, "damina biyu muna cin kunya. Dubi Huseina, ka ga ta ƙoshi?"

* * *

Ranar rabo ƙofar gidan Bunu ta cika maƙil. Zarami ya miƙe, ya zayyana komai a gaban surukansa da abokan aikinsa, har tukunyar ruwan bai rage ba. Ya sunkuyar da kai yana jiran dariya.

Sai Bakari, wani ƙaton ɗan dako da ake yi wa kallon mai wadata, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, ni ne shaidarsa. A gindin kukar da ke gabas da gorubarsa nake wuni. In na hango shi sai in kwanta cikin ciyawa."

Wani ya miƙe daga baya, wani ma ya bi shi. Ashe bayan garin cike yake da magidanta, kowa na ɓuya wa ɗan'uwansa. Bunu ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya juya ga malamin rabo ya shaide su duka.

Da la'asar Saude ta tura Huseina maƙwabta aron turmi, ta ce in an tambaya ta faɗi gaskiya: nasu sun sayar tun bara.